Wa Ya Rako Ki, Hajiya?

"Wa ya rako ki, Hajiya?"

Ma'aikaciyar jinyar ba ta ɗago kai ba da ta yi tambayar. Bironta na tsaye a kan layin ƙarshe na takardar, yana jiran suna. Hajiya Ikilima ta gyara riƙon sandarta, ta mayar da nauyinta kan ƙafar dama, domin ta hagun ba ta jure tsayuwa.

"Ɗana yana hanya," in ji ta.

"To, in ya iso sai ya zo ya sa hannu a nan. Ke ce ta bakwai."

Sista Bilki, kamar yadda aka rubuta a ƙirjin rigarta, ta yi mata bayani cikin sauri, da muryar wadda ta maimaita magana ɗaya tun safe. Bayan an yi allurar baya, ƙafa takan yi nauyi na wasu awanni. Dole a sami wanda zai riƙe mutum ya kai shi har gida. Idan babu mai rakiya, likita ba ya taɓa kowa. Likitan kuma daga Kano yake zuwa, ranar Alhamis ta farkon kowane wata. Wanda ya rasa yau, sai wata mai zuwa, in da gurbi.

Hajiya Ikilima ta ce ta gane. Ta lallaba ta nemi bakin benci ta zauna a karkace, a kan ɗuwawun dama, yadda ta saba zama shekara biyu ke nan.

Ɗan nata, Abdulwahab, ba ya hanya. Yana Abuja. Shi ya shirya komai daga can: ya tura wa likitan hotunan bayanta ta waya, ya samo mata ranar, ya yi alkawarin zai kwana a Dutse ranar Laraba. Laraba ta zo, ya ce zai yi sammako. Yau bayan sallar asuba ya kira, muryarsa a ƙasa, ya ce an sa musu taro a wurin aiki wanda ba shi da halin ƙin zuwa.

"Umma, ki yi haƙuri. Ki nemi wani a unguwa ya raka ki."

"Kada ka damu," ta ce masa. "Mutane sun yi yawa."

Ta kulle gida, ta tsaya a bakin titin unguwarsu, Takur, har mai adaidaita sahu ya tsaya, ta zo ita kaɗai. Ta ɗauka in ta zo da ƙafarta ba za a mayar da ita ba.

Yanzu ta ciro waya daga jaka, ta sa tabarau, ta fara bin sunaye daga sama. Na farko Alhaji, mijinta. Shekara huɗu da rasuwarsa, ba ta goge lambar ba. 'Yarta Afra'u tana Zariya da 'ya'ya uku da aikin asibiti. Malama Zakiyya, wadda suka yi shekara ashirin suna cin abincin rana a ofis ɗaya, ta rasu bara da azumi. Sai mai gyaran famfo, mai kawo gas, wani jami'in fansho. Maƙwabtanta na dama da na hagu matasan ma'aikata ne, masu dogayen katangu, da safe su tafi sakatariya, ranar Juma'a su cika mota su nufi Kano. Suna gaishe ta da ladabi ta tagar mota. Ba ta da lambar ko ɗaya daga cikinsu.

Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa, goma sha ɗaya a ciki tana shugabar makarantar firamare. Yaran da suka bi ta hannunta sun isa su cika wannan asibiti har su tsaya a titi. Ta ɗaga ido ta dubi fuskokin da ke ɗakin jira ɗaya bayan ɗaya, ko za ta ga wanda zai ce, "Malama, ke ce?" Kowa na fama da nasa.

Daga ƙarshe ta danna lambar wata 'yar kawunta da ke aure a nan cikin gari. Aka ɗauka. Ana jin hayaniyar yara da ƙarar injin markaɗe.

"Yaya Ikilima, yau ke ce da kanki? Lafiya dai?"

Suka gaisa. Ta tambayi maigida, ta tambayi yara, ta tambayi jikin surukarta. Matar ta ce wallahi tana nan tana son zuwa dubiya, hidima ce ta yi yawa, ga bikin 'yar maƙwabta jibi, yanzu ma girki ne a kan wuta. Sai ta sake tambaya, "Lafiya dai ko?"

Maganar ta zo har bakin Hajiya Ikilima ta tsaya.

"Lafiya lau. Na ce bari in gaishe ku."

Ta mayar da wayar jaka. Ciwon ya taso kamar ya ji an gama magana. Daga ƙugu yake farawa, ya ratsa ɗuwawu, ya bi bayan cinya kamar an zura waya mai zafi, ya sauka har ƙaramin yatsa. Shi ya raba ta da gidajen biki da na suna da na gaisuwar mutuwa. Da farko ana zuwa duba ta, har tabarma ba ta isa. Da ciwon ya daɗe, sai ya zama ba labari ba. Wanda ba ya zuwa sabgar mutane, a hankali mutane sukan manta hanyar gidansa, ba don mugunta ba. Ta san haka, ba ta riƙe kowa a zuciya ba. Amma wata guda kuma na jira, da wannan waya mai zafi a cikin ƙafarta, ba ta san ko za ta iya ba.

A gefenta wata mata ce zaune, baƙa, siririya, da mayafi ruwan ganye wanda rana ta ci launinsa. Kusa da ita wani dattijo ya miƙe ƙafa ɗaya, gwiwarsa ta kumbura har ana gani ta cikin wando. Matar tana riƙe da takarda irin wadda Sista ta ba kowa, tana jujjuya ta. A kife ta riƙe ta.

Hajiya Ikilima ta yi ƙoƙarin kawar da kai, ta kasa. Hannunta ne ya miƙa kansa.

"Baiwar Allah, kawo in gani."

"Allah Ya saka miki, Hajiya. Sun ce a cika, mu kuwa daga ni har Malam ba mu yi boko ba. Na ji nauyin in koma in tambaye ta, ta cika sauri."

Sunanta Maimuna. Mijinta Malam Ɗanmusa. Daga wani ƙauye suka taso a bayan Kafin Hausa, tun da duhun asuba, babur ya kawo su bakin hanya, suka shiga motar farko. Gwiwar ta hana shi durƙuso tun kaka, ga ruwa ya sauka, gero ya fito, noman farko na jiran hannu. Wani malamin asibiti na garinsu ne ya ce su zo nan, akwai allurar da ake kai ta har cikin gaɓa.

"Shekarunsa nawa?"

Maimuna ta dubi mijinta. Ya ce shi dai lokacin babban fari na farko yana kiwon awakin babansa, har ya iya hawan jaki shi kaɗai. Hajiya Ikilima ta yi lissafi a ka, ta rubuta sittin da biyu. Ta tambaye shi ko yana da ciwon suga, ko yana shan maganin da ke tsinka jini, ko wata allura ta taɓa tayar masa da ƙaiƙayi. Ta cika kowane layi da rubutunta mai tsabta, wanda ba ta yi amfani da shi don wani ba tun da ta ajiye aiki. Da ta zo layin ƙarshe ta rubuta Maimuna, matarsa.

Aka kira lamba ta biyar. Maimuna ta sa kafaɗa a hammatar mijinta ta ɗaga shi, suka shiga. Ba su daɗe ba suka fito, tana rufe baki da gefen mayafi.

"Hajiya, kin san abin da suka yi masa? Na'urar da ake duba masu juna biyu, ita suka ɗora masa a gwiwa. Suka shafa masa wani abu mai yauƙi, ga gwiwar Malam a talabijin. Ina kallon allura tana tafiya a ciki har ta isa wurin. Sai da suka zuƙo ruwa cikin sirinji guda, rawaya kamar man gyaɗa, sannan suka zuba magani. Na ce wa likita, to mace ce ko namiji?"

"Ke dai ba kya jin kunya," in ji Malam Ɗanmusa, amma shi ma murmushi yake. An ce ya zauna ya huta rabin awa kafin su tafi.

Hajiya Ikilima ta ji dariya ta kuɓuce mata, har ciwon ya soke ta a ƙugu. Ta daɗe ba ta ji muryar dariyarta ba.

Na shida ya shiga, ya fito a kan keken marasa lafiya, ɗansa na tura shi. Sista Bilki ta leƙo.

"Lamba bakwai. Hajiya, ɗan naki ya iso?"

Hajiya Ikilima ta dafa sanda ta miƙe. A ofishinta na da, yaron da ya yi ƙarya ya fi wanda ya yi faɗa shan hukunci. Ta dubi Sista ido cikin ido.

"Ba zai zo ba. Tun asuba na san ba zai zo ba. Ni kaɗai ce."

Sista ta sauke takardar. Wannan karon ta dube ta sosai, kuma muryarta ta yi laushi.

"Mama, ba ni na sa dokar ba. In kika faɗi a hanya fa? Babu ko maƙwabci?"

"Babu."

Kalmar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta so. Mutum biyu a bencin gaba suka waiwayo. Ta sunkuyar da kai tana neman hannun jakarta don ta tafi.

"To ni fa?" in ji Maimuna daga bayanta. "Ni ba mutum ba ce?"

Sista ta dube ta. "Ke ba da naki majinyacin kika zo ba?"

"Nawa ga shi nan zaune, an gama masa. Ƙafarsa ɗaya lafiya lau take. Ita ma ɗaya ce mai ciwon. Ni kuwa ina da kafaɗa biyu."

Ta juya ga mijinta. Malam Ɗanmusa ya dubi taga. Can gabas, ta saman duwatsu, gajimare ya fara haɗuwa. Hanyar ƙauyensu in ruwa ya sauka babur ba ya bi. Sannan ya ce, "A kai ta gida. Ba a barin mutum haka."

"Me kike a wurinta?" Sista ta tambaya, biro a kan layi.

Hajiya Ikilima ta buɗe baki, Maimuna ta riga ta. "Rubuta ƙanwarta."

Sista ta dubi leshin Hajiya, ta dubi silifas ɗin Maimuna da taɓo ya bushe a jikinsu. Ta rubuta. Ta miƙo tawada, Maimuna ta dangwala babban yatsa.

Ɗakin allurar sanyi ƙalau. Likitan, Dakta Ashafa, bai kai ɗanta shekaru ba. Yana sanye da wata riga mai nauyi ta kare jiki daga hasken na'ura. Ya gaishe ta da Mama, ya ce ta kwanta rub da ciki. Sista ta sa mata matashi a ƙarƙashin ciki, ta lulluɓe ta sama da ƙasa, ta bar tafin hannu ɗaya kawai na bayanta a buɗe. Aka turo wata na'ura mai lanƙwasa kamar lauje, ta tsaya rabi a samanta, rabi a ƙarƙashin gadon.

"Mama, juyo da kanki nan. Kina ganin allon?"

Ta gani. Ƙasusuwa ne fari-fari, an jera su ɗaya kan ɗaya kamar tubalin da maginin bai daidaita ba.

"Bayanki ke nan. Kin ga wannan da wannan, tsakaninsu akwai fili. Dubi nan ƙasa, na huɗu da na biyar. Filin ya matse, jijiyar da ke sauka ƙafarki ta nan take fita, shi ya sa ta kumbura. Nan za mu kai maganin. Ba zan yi lalube ba, ina kallo ina tafiya."

Ta ji sanyin auduga, sannan wani ɗan cizo kamar na tururuwa. Bayan haka sai nauyi kawai, kamar ana danna ta da yatsa. A allon wani siririn layi baƙi ya bayyana daga gefe. Likitan ya ce a ɗauka, hoton ya sauya, layin ya matsa kaɗan. A ɗauka. Ya ƙara matsawa. Tana kallon abu yana shiga jikinta, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Sai wayar nan mai zafi ta kama daga ƙugu har yatsa, gaba ɗaya, lokaci ɗaya. Ta damƙe bakin gadon.

"Nan ne?"

"Nan ne," ta ce da ƙyar. "Wallahi nan ne."

"Madalla. Kada ki motsa."

Shekara biyu tana nuna wa mutane wurin da hannu, tana kwatance, ana ba ta man zafi da saiwoyi da ƙwayoyi, kowa na cewa sanyi ne, ko tsufa ne. Yau wani ya sa abu daidai a kai. Likitan ya tura wani ruwa, ta ga duhu ya bazu a allon ya bi gefen jijiyar kamar tawada a jikin zare. Ya ce ya zauna inda ake so, yanzu maganin zai bi.

A lokacin ne ta lura da hannun Sista a kan kafaɗarta. Tun da aka fara yake nan, da ɗumi, yana ɗan bubbuga ta. Ta yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da wani ya dafa ta haka. Ta koma baya har Sallar bara, da Afra'u ta rungume ta a bakin mota. Hawaye ya gangaro ya jiƙa zanin gadon.

"Da zafi ne, Mama? An gama ai."

"A'a," ta ce. "Ba zafi."

Da aka zaunar da ita, likitan ya yi mata bayani a tsanake. Magani biyu ya haɗa. Na farko mai kashe zafi ne, yau za ta ji kamar an cire ciwon da hannu, amma kada ta yarda da shi, zuwa gobe zai iya sakinta ciwon ya dawo. Na biyun shi ne mai sauke kumburi, sai bayan kwana uku zuwa mako za a san ko ya kama. In ya kama, za ta sami watanni. Ba warkewa ba ce, dama ce. Ta yi amfani da ita ta riƙa tafiya, ta motsa jiki, ta fita cikin mutane. Yau dai ta huta.

Maimuna na tsaye a bakin ƙofa. Ita ta durƙusa ta sa mata takalmi, ta gyara mata mayafi, ta rataya jakarta a wuya. Ƙafar hagun ta zama kamar ta aro, Hajiya Ikilima na ganin ta a ƙasa amma ba ta jin ƙasan. Maimuna ta sa kafaɗa a hammatarta. Jikinta ƙashi ne da jijiya, yana ƙanshin hayaƙi da daddawa, kuma bai ko girgiza ba.

Su uku suka matsu a bayan adaidaita sahu, Malam Ɗanmusa ya miƙe ƙafarsa waje. Suka wuce shatale-tale, suka wuce masu dabino a bakin titi, suka shiga layukan Takur. Duk ramin da aka faɗa, Hajiya Ikilima takan ɗauke numfashi tana jiran sukar da ta saba. Ba ta zo ba.

Maimuna ce ta buɗe ƙofar gidan. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon ɗakuna huɗu, uku a kulle, da bishiyar lemun tsami da 'ya'yanta suka zube ba mai tsincewa.

"Hajiya, ke kaɗai a duk wannan?"

"Ni kaɗai."

"Ikon Allah. Mu goma sha tara ne a gidanmu, har da jikoki. Ni da zan sami yini ɗaya babu mai kiran sunana, ai da na yi ƙiba."

Hajiya Ikilima ta yi murmushi.

Ta ce ba za su tafi ba sai sun ci abinci. Maimuna ta ce to sai dai ita ta dafa, likita ya ce a huta. Ta kwantar da ita a kan doguwar kujera a falo, ta shimfiɗa wa Malam darduma a inuwar lemun ya yi azahar, ta shiga ɗakin girki. Sai da ta leƙo sau biyu tana tambayar yadda ake kunna murhun gas, tana ja da baya kamar zai cije ta.

Hajiya Ikilima ta kwanta ta rufe ido. Tana jin ƙarar murfin tukunya, da wuƙa a kan albasa, da ruwa na zuba a roba. A waje dattijon na tari, yana jan carbi. Maimuna ta ɗaga murya ta tambaye shi ko gwiwar na zugi, ya ce ta yi aikin gabanta. Ba wata magana ba ce, amma Hajiya ta bi kowace kalma. Ba ta so ta yi barci don kada wani abu ya wuce ta.

Suka ci taliya da manja da yaji, ita da Maimuna a kwano ɗaya. Maimuna ta ba ta labarin 'yarta da ta haihu watan jiya, da akuyar da ta ci rabin buhun iri, da yadda Malam ya yi wata uku yana ɓoye ciwon don kada a ce ya tsufa. Hajiya ta ci fiye da yadda take ci a kwana biyu.

Iska ta fara kaɗa ganyen lemun. Malam Ɗanmusa ya yi gyaran murya daga waje.

"Ku kwana mana," in ji Hajiya Ikilima da sauri. "Ga ɗakuna nan. Hadari ya taso, ga ƙafar Malam. Gobe da safe sai ku tafi a tsanake."

Maimuna ta dubi ƙofa, ta dube ta. "Hajiya, da so samu ne. Dabbobi na ɗaure, ga mai jego, yaran nan kuwa in ba na nan ko gishiri ba su san inda yake ba. In muka sami motar la'asar za mu riga ruwan."

Hajiya ta nuna mata akwati, ta ce ta ɗauko turmin atamfa da ke sama. Maimuna ta ƙi, ta ce ba don haka ta yi ba. Sai da Hajiya ta ce na jaririyar ne, ba nata ba, sannan ta karɓa da hannu biyu. Ta tsinci lemun tsami cike da gefen mayafi. Waya ba su da ita, ta babban ɗansu ce, kuma ba su haddace lambar ba.

"In Allah Ya kawo ki Kafin Hausa ranar kasuwa, ki tambayi masu daddawa. Kowa ya san ni."

"In sha Allah."

Maimuna ta hana ta tashi. Hajiya ta ji takunsu a tsakar gida, ɗaya mai sauri, ɗaya mai ja, sannan ƙarar ƙofar ƙarfe. Gidan ya koma yadda yake. Kwanon da aka wanke yana ɗiga a ɗakin girki, ɗis, ɗis, har ya daina.

Ruwan bai sauka a Dutse ba, iska ta kore shi arewa. Ta yi ta tunanin ko ya tare su a hanya. Wajen ƙarfe biyar ta ji ƙafar ta dawo tata, tana jin sanyin siminti a tafinta. Ta sauko da ita a hankali, ta miƙe. Ta tsaya tana jira. Ta taka zuwa ƙofar falo, ta fita tsakar gida, ta kai har gindin lemun, ta dawo. Babu komai. Kamar an kashe wani inji da ya shekara biyu yana ƙara a kunnenta. Ta so ta gaya wa wani. Ta waiwaya hagu da dama, har ta buɗe baki.

Wayar ta yi ƙara a falo. Ta je ta ɗauka a tsaye.

"Umma, yanzu muka fito. Wallahi duk yinin nan hankalina na wurinki. An yi?"

"An yi."

"Alhamdu lillahi. Yaya kike ji?"

Kafin ta amsa ya ci gaba, da saurin wanda ke tafiya yana magana. Ya ce sun yi waya da Afra'u. Ta nemi hutun mako guda, in jikin bai yi sauƙi ba za ta taho ranar Asabar da ƙaramin yaron ta zauna da ita. Amma in an dace allurar ta yi aiki, gara ta bari sai an yi hutun makaranta, domin manyan na jarrabawa. Shi ma in ya ji ta warware, hankalinsa zai kwanta, ya daina damun ta da kira safe da yamma.

"To yaya bayan, Umma? Gaya mini gaskiya."

Hajiya Ikilima na tsaye a tsakiyar falo, a miƙe, ƙafa biyu a ƙasa. Ta dubi kujerar da Maimuna ta zauna, har yanzu da alamar zama a jikinta.

"Likita ya ce sai bayan kwana uku zuwa mako za a san ko ya kama," ta ce. "Ya ce zuwa gobe ma ciwon zai iya dawowa."

"Subhanallahi. To yanzu fa?"

Ta tsaya tana kallon ƙafarta ta hagu har ya ce, "Umma, kina ji na?"

"Ina jin ka. Yanzu dai ga ni nan."

"To bari in ce wa Afra'u ta taho kawai."

"Ka ce mata ta taho."

Suka yi sallama. Ta ajiye wayar, ta daɗe a tsaye. Ba ta faɗi kalma ɗaya da ba gaskiya ba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar. Duk da haka ta yi istigfari a hankali. Sannan ta ɗauko makullai daga ƙusa, ta ratsa tsakar gida da takunta na da, ta buɗe ɗakin da ke kusa da nata, ta tura tagoginsa duka biyu don iska ta shiga kafin Asabar.